Gawayi a Tankin Yotamu

Mijina, Yotamu Chiumia, ya yi shekara talatin da ɗaya yana nutso a tafki. Aikinsa kamo mbuna, ƙananan kifayen nan masu launi da ake ɗurawa a leda a tura ƙasashen waje, mutane su ajiye a falo suna kallo. Ba a cin su. Mutanen Nkhata Bay sun daɗe suna yi masa tsiya a kan haka, wai ga masunci guda, amma kullum matarsa tana kasuwa tana cinikin busasshen kifin miya da ake kira usipa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ku kuna kamo na ciki, ni ina kamo na ido."

Da kunnensa na hagu ya fara zubar da ruwa, likita ya ce nutso ya ƙare. Ranar sallama mai kamfanin da yake yi wa aiki ya ba shi kyautar tankin gilashi, tsawonsa ya kai faɗin hannuwana biyu idan na ware su. Yotamu ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya yi nutson ƙarshe. Ya tafi wani dutse a ƙarƙashin ruwa da ya daɗe da sani, ya fito da kifi goma sha biyu, shuɗaye masu ratsin baƙi. Su ya zuba a tankin. Suka hayayyafa, tsofaffin suka mutu, 'ya'yansu da jikokinsu suka maye gurbi. Shekara tara tankin yana falonmu, kusa da taga, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya gaida kifin kafin ya gaishe ni.

A bayan tankin akwai matata, wani baƙin akwati da yake zuƙar ruwa ya bi da shi ta cikin soso guda biyu, sannan ya mayar. Soson nan sun yi ruwan ƙasa, sun yi yauƙi, ni ko taɓa su ba na so. Wata rana na ce ya ba ni in wanke masa da sabulu. Ya dafe ƙirji kamar na ce zan yanka ɗansa.

"Maman Temwa, ki rufa mini asiri! Rayuwar tankin nan a cikin soson nan take. Akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne suke cinye dattin da kifin yake fitarwa. Wanda ya wanke soson nan tas, ya kori ma'aikatansa."

Kowace Asabar da safe yakan sa tiyo ya zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ya matse soson a hankali a cikin wannan tsohon ruwan, ya mayar da su, ya cika tankin da ruwan da ya kwana biyu a duro. Iyakar abin da yake yi ke nan.

Yana da aboki, Alifeyo Mphande, tare suka yi nutso tun suna samari. Shi Mphande yana kula da tankunan kifi a wani masaukin baƙi a bakin ruwa. Kowace Lahadi bayan coci yakan zo su zauna a inuwar mangwaro su buga bawo, darar nan ta allo mai ramuka. Kuma ba a taɓa tashi wasan ba tare da an yi gardamar gawayi ba. Ba na girki nake nufi ba. Wani gawayi ne da ake sarrafawa musamman, ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, ana ɗaure shi a 'yar jakar raga a sa cikin matata.

"Taurin kai ne zai kashe ka," in ji Mphande. "Duk duniya ana sa gawayi, kai kaɗai ne mai hankali?"

"Duk duniya malalata ne. Me gawayin yake yi? Ya kwashe launi, ya kwashe wari, shi ke nan. Sati uku ya ƙoshi, ya zama tsakuwa. Hoda ce kawai, irin ta wanda ya ƙi wanka."

"NyaLongwe!" Mphande ya ɗaga murya, haka yake kirana, da sunan gidanmu. "Kina jin mijinki yana zagina a gidanku?"

"Ku ƙarasa ku zo ku ci tuwon rogo kafin ya huce," nakan ce daga madafa.

"In ka yi wa kifi magani kana so ka kwashe sauran maganin daga ruwa, to, na yarda," Yotamu zai ce yana kwashe 'ya'yan bawon abokinsa. "Ban da wannan, canja ruwa ya ishe ka. Taso, na cinye ka."

Haka muke har daminar shekara ta tara.

Wata safiya ina shara ya kira ni. Yana tsaye gaban tankin, hannu a ƙugu.

"Zo ki gani. Ruwan nan bai yi miki kama da shayi ba?"

Na duba. Ina hango har ƙusar da ke jikin bangon baya ta cikinsa.

"Ni ban ga komai ba, Baban Temwa."

"Ba za ki gani ba. Ke ruwan tulu kika sani."

Na yi dariya na koma shara. Kuma na yarda da shi. Mutumin da yake duban tafki da safe ya ce iska za ta taso kafin azahar, kuma ta taso, ni wace ce zan yi masa musun ruwa?

Ya ƙara yawan ruwan da yake canjawa. Ya fitar da duwatsun ya goge su. Ya sayi sabon ƙwan fitila ya sa a saman tankin. Kullum da safe sai ya tsaya, ya girgiza kai. A cikin satin nan ne ma ya ce farar rigata ta zumuntar mata ta dafe, wai ba na wanke ta da kyau. Na ji haushi, amma na sake jiƙa ta, na sa bula, na shanya. Ya duba ya ce da sauƙi dai, amma ba kamar da ba.

Bayan sati biyu, muna karyawa, ya yi ta juya kofinsa bai sha ba.

"Idan kin je kasuwa, ki biya ta wajen Mphande."

"In ce masa me?"

"Ki karɓo mini… abin nan."

"Wane abu?"

"Gawayin mana! Sai na yi shela? Ki ce wata maƙwabciyarmu ce take so."

Na sami Mphande yana haɗa kaya, zai tafi Karonga wajen ɗansa da matarsa ta haihu. Da na isar da saƙo ya yi dariya har sai da ya zauna a kan bokiti yana share hawaye.

"Maƙwabciya! Wace maƙwabciya ce take da tankin kifi a unguwarku? Kai, na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana." Ya ɗauko jaka ɗaya ya ba ni. "Ya ɗauraye shi tukuna, ya sa shi a bayan soson. Ya san sauran. Ki ce masa na ce hodarsa ta iso."

Ban faɗa masa wannan ba. Na miƙa masa jakar kawai, ya karɓa bai dube ni ba.

Kwana biyu da sa gawayin, ruwan ya yi wani irin haske da ban taɓa gani ba. Sai ka ce kifayen a iska suke yawo. Na ce, "To, ai ga shi ya yi."

Ya matsa kusa, ya ja da baya, ya sake matsawa.

"Babu abin da ya canja. Gawayin ne ya yi kaɗan. Mphande marowaci ne tun yana yaro."

Washegari ya hau bas da kansa ya tafi Mzuzu, ya dawo da yamma da babbar leda cike da gawayin. Matatar ba ta da wurin da za ta ɗauki wannan duka. Na shigo da ruwan wanke hannu na tarar ya zaro soso ɗaya ya ajiye a ƙasa. Bayan kwana biyu ya zaro na biyun.

"Ba kai ka ce rayuwar tankin a nan take ba?"

"Na ce. Amma sun ruɓe. Su ne suke rina ruwan, ni ne ban gane da wuri ba."

"Ka bari Mphande ya dawo mana."

"Mphande ne zai koya mini ruwa?"

Ya jefa su kan rufin madafa, rana ta busar da su. Ranar ya kwashe kifin a bokiti, ya zubar da ruwan tankin gaba ɗaya, ya wanke tsakuwar da ruwan zafi, ya cusa gawayi a matatar har murfin yana ƙin rufuwa. Kifi ashirin da uku ya mayar, yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Kwana na biyar suka daina cin abinci. Suka taru a saman ruwa suna buɗe baki, gefen kansu inda suke numfashi ya yi ja. Wadda ta fara mutuwa wata mace ce da take ɗauke da ƙwai a bakinta, haka mbuna suke renon 'ya'yansu, uwa ba ta cin komai sai sun ƙyanƙyashe. Da safe muka tarar ta tofar da ƙwan, tana kwance a kan tsakuwa.

Yotamu ya ciro ta, ya ɗora a tafin hannunsa, ya kawo ta dab da fuskarsa har tana neman taɓa hancinsa.

"Dubi yadda ruwan nan ya cinye launinta," ya ce. "Duk ta koɗe."

Kifin nan shuɗi ne shar, kamar ranar da aka haife shi. Na dubi kifin, na dubi yadda ya riƙe shi. Na tuna da rigata. Na tuna cewa ya daina karanta Littafi da safe, wai rubutun sabon bugu ƙanana ne. Abin ya zo har bakina.

Ban faɗa ba. Mahaifiyarsa ta makance kafin ta rasu, shekara shida ana jan ta da sanda, kuma na sha jin yana cewa gara a binne shi da ya ga wannan rana. Na ce wa kaina wataƙila kuskure nake yi. Na ce bari Mphande ya dawo. Na ce kifi ne kawai. Na karɓi kifin daga hannunsa na tambaye shi inda zan kai.

"Kada ki ba kaji," ya ce.

Ya haƙa ɗan rami a gindin ayaba. Daga ranar kullum sai an ƙara tona wurin. Wata rana biyu, wata rana huɗu. Shi kuma yana ta sauya gawayi, yana ɗauraye sabo, hannuwansa sun yi baƙi har cikin farce. Ya daina zama cin abinci. Ya jawo kujera gaban tankin yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin yaro mai zazzaɓi.

"Ku yi haƙuri. Na kusa gano abin. Ku ƙara haƙuri kaɗan."

Ranar da na ji Mphande ya dawo, ko ɗankwali ban ɗaura da kyau ba na tafi. Kifi huɗu suka rage.

Ya shigo gidan da tsiyarsa. "Ina maƙwabciyar nan mai son hoda?" Sai idonsa ya sauka a kan tankin, maganar ta tsaya. Ya je ya buɗe matatar, ya tsoma hannu, ya fito da gawayi cike da tafi.

"Ina soson?"

"Na cire su. Su ne suke rina ruwan."

"Wane ruwan?"

"Wane ruwa kake gani a gabanka? Ga shi kamar an jiƙa ganyen shayi."

Mphande ya dubi tankin, ya dube ni, ya dubi abokinsa.

"Yotamu, ruwan nan ya fi wanda nake sha haske."

"To, kai ma ka makance ke nan."

Babu wanda ya yi dariya. Mphande ya goge hannunsa a wando, ya ɗauki wani farin faranti daga kan kabad, cikin waɗanda 'yarmu Temwa ta kawo mana a Kirsimetin da ya wuce, ko amfani da su ba mu fara ba. Ya kama hannun Yotamu ya ja shi bakin ƙofa inda rana take.

"Wannan wane launi ne?"

"Me kake nufi? Wasan yara za mu yi?"

"Ka faɗa mini dai."

"Tsohon faranti ne. Ya yi rawaya."

Mphande ya ajiye farantin a hankali. Ya riƙe haɓar abokinsa ya ɗaga fuskarsa sama, ya daɗe yana duban cikin idanunsa. Yotamu bai ture shi ba.

"Ɗan'uwana," ya ce, "yanar ido ce. Duka biyun. Irin ta yayata ce, ita ma komai rawaya take gani kafin a yi mata aiki. Ruwanka lafiyarsa ƙalau, tun farko."

Yotamu ya lalubi kujera ya zauna. Ni kuwa hawaye ya riga ya tona ni.

"Maman Temwa," ya ce, bai juyo ba. "Kin sani?"

"Na yi zato."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar mai ƙwai."

Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirge.

"Goma sha takwas suka mutu bayan ranar," ya ce.

Bai ƙara komai ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Mphande bai tsaya ba. Ya hau kekensa ya koma masaukin, ya ciro tsohon soso mai yauƙi daga tankinsa, ya sa a bokiti da ruwan tankin, ya dawo yana tuƙi da hannu ɗaya, rabin ruwan ya zube a wandonsa. Ya kwashe gawayin nan duka ya juye a kwandon shara, ya sa soson, ya canja rabin ruwan. Kwana bakwai yana zuwa safe da yamma. Duk da haka biyu suka ƙara mutuwa. Biyu suka rayu, kuma dukansu maza.

Temwa ta zo daga Mzuzu inda take koyarwa, ta tafi da babanta asibiti. Na ɗauka zai yi gardama, amma ya bi ta kamar rago. Aka ce za a fara da idon dama, na hagun sai daga baya. Aikin bai kai awa guda ba. Washegari da aka cire auduga ina tsaye a gefen gado. Ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi rigar ma'aikaciyar jinya, sannan ya dube ni.

"Ashe haka kika yi furfura?"

"Kai ka sa ni," na ce. Muka yi dariya, har Temwa. Na ce a raina, to, an wuce wurin.

Da muka dawo gida bai ko cire takalmi ba ya wuce gaban tankin. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya duba. Ya sauya, ya rufe na dama. Ya sake sauyawa. Ya yi haka ya fi sau goma, kifayen nan biyu suna ta kai da kawowa a cikin wannan ƙaton fili.

"Da wannan idon shayi," ya ce. "Da wannan ruwa."

Sai ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Yana cin abincina, yana gode mini, muna zuwa coci tare. Amma da, in wani kifi ya yi wani abin dariya, ko in wata ta saki 'ya'yanta daga baki, yakan ƙwala mini kira ko ina bayan gida. Wannan kiran ne ya daina. Sau ɗaya na ce masa, "Baban Temwa, ka yafe mini." Ya ce, "Hannunki ne ya cire soson?" Ya tashi ya fita.

Mphande ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce zai samo masa matan kifin daga wajen masu nutso na yanzu. Yotamu ya ce sai dai na dutsen nan da ya kamo na farko, ba zai gauraya su da wasu ba. Ya kwatanta musu wurin, ya zana a takarda, inda za su saita bishiyar kuka da bakin tsibiri. Sau biyu suna zuwa. Karo na farko ba su ga dutsen ba. Karo na biyu suka kawo wasu shuɗaye a leda suna murna. Ya ɗaga ledar a rana, ya duba da idonsa mai kyau, ya ce, "Ba su ba ne. Ku mayar da su daidai inda kuka kamo su." Ya ce zai shiga kwalekwale ya nuna musu da kansa, amma duk ranar da aka sa sai ya ce iska ba ta da kyau.

Maza biyu ba sa zama tanki ɗaya ba mata. Babban ya yi ta korar ƙaramin daga dutse zuwa dutse, har wata safiya muka tarar ya kashe shi. Yotamu ya sa wanda ya rage a bokiti, ya rufe da tsumma, ya kai wa Mphande da ƙafa. Ya ƙi yarda in raka shi. Mphande ya gaya mini daga baya cewa ya tsaya har aka zuba kifin a babban tankin masaukin, ya ga ya sami rami ya shige, sannan ya juya. Ko ruwa bai sha ba.

An kira shi aikin ido na biyu sau biyu, bai je ba. Temwa ta yi faɗa, ta yi kuka a waya. Ya ce ɗaya ya ishe shi ganin abin da ya rage.

Tankin ya yi wata uku a falo babu komai a ciki, yana tara ƙura. Da rani ya shigo na roƙi maƙwabta suka taya ni fitar da shi baranda. Na zuba ƙasa da taki, na yafa irin tumatir da na kabeji, saboda kaji ba sa iya kaiwa gare su ta gilashi. Ban tambaye shi ba, shi ma bai hana ba. Bayan sati guda na fito da safe na tarar yana ba su ruwa da kofi, kaɗan-kaɗan, yana bin gefe don kada ya kwantar da su. Tun ranar shi yake yi. Hannunsa yana da kyau, ba mu taɓa samun dashe mai ƙarfi irin na bana ba.

Shekaranjiya wata mata da ta tare a unguwarmu kwanan nan ta zo neman dashen tumatir. Yotamu ne ya cire mata, yana naɗe saiwar a jiƙaƙƙiyar takarda. Ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa tana mamaki.

"Baba, wannan akwatin mai kyau haka, na mene ne asali?"

"Na kifi ne," ya ce.

Ya miƙa mata dashen, ya shiga ciki. Ni na raka ta bakin hanya.